Idan Sifirin Motar Ƙungiya Ya Kwanta

A wannan fitowa ba zancen iri ko maganin ƙwari za mu yi ba, zancen mota za mu yi. Wasu ƙungiyoyinmu sun yi shekaru suna tara kuɗi kafin su sayi tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover, ko Hilux, ko Land Cruiser. Ita ce ke kai taki gona da rani, ta kwaso amfani da kaka, ta kai shi Dawanau ko kasuwar Dambatta. Idan kuwa haihuwa ta zo wa mace da gardama da tsakar dare, ita ce dai ake tasa. Motar da ke wannan hidima ta cancanci a san ciwonta.

Ciwon da na fi gani a jikin waɗannan motoci shi ne zaman baya. Ka hango mota ba kaya a kanta, amma gindinta ya yi ƙasa, hancinta ya ɗaga sama, ko kuwa ta karkace gefe guda kamar jakin da aka yi wa mangala ba daidai ba. Wannan alama ce sifirin baya ya gaji.

A kakar 2023 na shiga motar wata ƙungiya za mu kai gero Dawanau. Buhu 14 aka ɗora, mu biyar kuma muka hau. Tun daga ƙauye, duk ramin da muka faɗa sai mu ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Direba ya ce ai haka take yi, ta saba. Ba mu kai ga kwalta ba sai mota ta soma tafiya a karkace, warin roba ya cika mu. Da muka sauka muka tarar tayar baya ta hagu ta ja da baya tana gogar jikin mota. Ƙusar tsakiyar sifirin ce ta katse. Muka sauke kaya a bakin hanya, aka yi hayar wata mota, aka sayi sabuwar taya, aka ɗauko makaniki daga gari. Abin da aka kashe a ran nan ya fi abin da za a kashe da an yi gyara tun da wuri. Mun dai gode Allah da abin bai same mu a kan kwalta muna gudu ba.

Mene ne sifirin, mene ne aikinsa?

Ku leƙa ƙarƙashin motarku ta baya. Kowane gefe za ku ga fallayen ƙarfe dogaye an jera su bisa juna, kowane falle ya fi na ƙarƙashinsa tsawo, duka kuma sun lanƙwashe kamar baka. Wannan shi ne sifirin. Falle na sama, mafi tsawo, shi ne uwa. An naɗe bakinsa biyu sun zama ido, a cikin kowane ido kuma akwai bushi na roba. Idon gaba yana kafe a jikin shasi. Idon baya kuwa yana rataye a jikin wani ɗan ƙarfe mai lilo wanda makanikai ke ce wa shakul. Dalilin lilon shi ne, duk sa'ad da nauyi ya danne sifirin ya miƙe, tsawonsa yakan ƙaru, dole ya sami wurin da zai miƙe ƙafa.

A tsakiya akwai ƙusa guda da ta ratsa fallayen duka ta haɗe su, ita ce santabol. Kanta yana shiga wani ɗan rami a jikin aksil, watau sandar da tayoyin baya ke kanta. Sa'an nan ga waɗansu ƙusoshi biyu masu siffar harafin U, watau yubol, su ne ke ɗaure sifirin da aksil tamau.

Saboda haka aikin sifirin biyu ne. Na fari, shi ne ke ɗauke da nauyi. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne ke riƙe aksil a wurinsa, kada ya yi gaba ko baya. Shokazoba kuwa ba ta ɗaukar kaya, aikinta kawai ta hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Wanda motarsa ta zauna ya je ya sayi sabuwar shokazoba ya yi asarar kuɗinsa.

Land Rover tun daga ta farko a 1948 har zuwa samfuri na 3 da aka daina ƙerawa a 1985, irin wannan sifirin ne gare ta gaba da baya. Daga 1983 ne kamfanin ya soma fitar da masu sifirin naɗe kamar gammo, waɗannan ba su cikin maganarmu. Hilux mai ja da ƙafa huɗu ta fito a 1979, ita da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya duk fallaye ne a bayansu. Masu a-kori-kura ta Peugeot 404 ko 504 su ma su karanta, gama ko da yake ba ta ja da ƙafa huɗu, sifirin bayanta irin wannan ne.

Abin da ke kwantar da shi

Na ɗaya, kuma babba, shi ne yawan kaya. A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa da Dambatta, gona tana jikin gona, ba a barin saura ta huta. Kowace shekara sai an zuba taki. Kakanninmu da jakuna suke kai shi, har daga cikin birni. To, jaki yana da wayon da mota ba ta da shi. In ka cika masa kaya sai ya kwanta ya ƙi tashi. Mota ba ta iya ƙi. Za ta ɗauka, ta tafi, amma ƙarfen yana riƙe da abin a cikinsa. Ƙarfen sifirin yana da iyakar da in an lanƙwasa shi zai komo yadda yake. In aka wuce wannan iyaka ba ya komowa duka. Yau ya rage kaɗan, gobe kaɗan, har baka ya zama sanda.

Bari mu yi lissafi. Yawancin waɗannan motoci iyakar abin da aka yi su su ɗauka bai wuce kilo 1,000 ba, waɗansu ma ba su kai ba, kuma har da mutanen da ke ciki a wannan lissafi. Ku duba littafin motar ko ɗan allon ƙarfen da ke maƙale a jikinta. A ƙaddara kilo 1,000 ne. Direba da yaron mota da wakilin ƙungiya sun tashi wajen kilo 200. Saura 800. Watau buhu 8 na hatsi mai kilo 100, ko buhu 16 na takin zamani mai kilo 50. Mu kuwa a ran nan da buhu 14 da mutum biyar mun haura kilo 1,700. Ku tuna kuma ɗanyen taki ya fi busasshe nauyi ƙwarai, yashi kuwa ya fi su duka, ko da idonka yana ganin mota ba ta cika ba.

Na biyu, gudu a kan mummunar hanya. Kayan da sifirin zai ɗauka lafiya a tsaye, in aka faɗa rami da shi a guje nauyin yakan ninka a wannan bugu guda.

Na uku, tsatsa da rairayi. Fallayen suna zamewa bisa juna in mota na tafiya. Rairayi ya shiga tsakani ya yi ta cinsu, laka ta damina ta riƙe ruwa, tsatsa ta kumbura ta buɗe su. Takin zamani da ya zube a bayan mota, in ya sami laima ya tsiyaya ƙasa, yana cin ƙarfe da sauri.

Na huɗu, barin kaya su kwana a kan mota kwana da kwanaki. Na biyar kuwa tsufa ne, wanda ba shi da magani.

Yadda za ku gane

Ku sauke kome, ku tsai da mota a wuri mai daidai, iskar tayoyi ta zama ɗaya. Sa'an nan ku duba waɗannan:

1. Ku auna daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota da ke bisanta, hagu da dama. In bambancin ya wuce faɗin yatsa biyu, akwai magana. Ku rubuta awon a littafin ƙungiya domin ku gwada da na baɗi.

2. Ku dubi baka. Sifirin lafiyayye yana da lanƙwasa in ba kaya. In ya miƙe sambal, ko ya soma lanƙwasa ta baya, ya gama aiki.

3. Ku dubi shakul. In ya kwanta can baya har ya kusa taɓa shasi, sifirin ya miƙe ya ture shi ke nan.

4. Bisa aksil, a jikin shasi, akwai wani guntun roba mai kauri da ke tare aksil kada ya bugi shasi. In ya yi sheƙi, ko ya fashe, ko ya ɓace, aksil yana kai masa duka kullum.

5. Ku goge laka ku bi fallayen ɗaya ɗaya. Ku nemi wanda ya karye, ko ya goce gefe, ko wani siririn layi mai jan tsatsa da ya ratsa faɗinsa. Wannan layi tsaga ce.

6. Ku sa ƙarfe ku ɗan banƙara wajen ido. In ya yi kwaram-kwaram bushi ya mutu. Wani lokaci bushi ne kaɗai ya mutu, sifirin kuwa lafiya lau. Wannan gyara ne mai sauƙi.

7. Ku dubi inda sifirin ke rataye a jikin shasi. In wurin ya ruɓe ko ya tsage, a soma gyara shi tukuna.

8. Wani ya tsaya a baya, direba ya ja mota a miƙe. In bayanta bai bi sawun gabanta ba, santabol ta katse ko tana shirin katsewa. Kada motar nan ta sake ɗaukar ko buhu ɗaya.

Me ya sa ba za a ƙyale shi ba?

Wani zai ce, ai tana tafiya. Gaskiya ne, amma ga abin da ke faruwa. In baya ya zauna, gaba yakan yi sauƙi, sitiyari ya riƙa yawo a hannu, tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai sa'ad da aka taka birki. Fitila takan haska sama, ta kashe wa mai zuwa ido, kai kuwa ba ka ganin ramin da ke gabanka. Dukan da sifirin ya kamata ya shanye sai ya wuce kai tsaye zuwa shasi da aksil, su kuwa kuɗinsu ya ninka na sifirin sau da yawa. In kuma uwa ta karye kusa da idon gaba ana cikin gudu, ba abin da ke riƙe da aksil a wannan gefe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Hanyoyin gyara

Hanya ta fari: sauya fallen da ya karye. In falle ɗaya ne ya karye, sauran kuma suna da bakansu, a sauya shi kaɗai da irinsa. Amma ku lura da inda ya karye. In daidai ramin santabol ne, laifin na yubol ne da suka saki, gama in sun ɗauru sosai tsakiyar sifirin ba ta motsi. In ba a gyara ɗaurin ba sabon ma zai karye.

Hanya ta biyu: sake lanƙwasa fallayen. Maƙera da masu aikin sifirin sukan warware shi, su ɗora kowane falle a kan uwar maƙera ko guntun ƙarfen dogo, su bi shi da guduma a sanyi har bakan ya komo. Waɗansu suna da injin matsawa, wanda ya fi guduma daidaito. Wannan hanya ita ce mafi araha, tana kuma ɗaga mota. Sai dai ku sani ƙarfen da ya gaji bai zama sabo ba. In aka koma ga tsohon lodi ba zai daɗe ba zai sake kwanciya. Ku sa mai aikin ya zana bakan uwa ta hagu da ta dama a ƙasa da alli, ya gwada, kada ɗaya ta fi ɗaya ba bisa ƙa'ida ba.

Hanya ta uku: ƙara falle. Ana sa falle guda mai kyau a ƙarƙashin uwa ko a ƙarƙashin na biyu. Faɗinsa ya zama daidai da na sauran, kaurinsa ya yi kusa da nasu, tsawonsa kuma ya faɗa tsakanin na sama da na ƙasa da shi, domin jerin ya tafi kamar matakala. Ramin tsakiya a huda shi da injin huji, kada a ƙona shi da wutar walda. Wannan hanya in an haɗa ta da ta biyu takan daɗe. Amma ga gargaɗi: ƙarin falle bai ƙara wa aksil ƙarfi ba, bai ƙara wa birki ba, bai ƙara wa taya ba. Motar buhu 8 tana nan motar buhu 8. Wanda ya jibga falle uku ko huɗu domin ya ɗauki buhu 20, sifirin ya daina lanƙwasa, shasi ne zai tsage a madadinsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Hanya ta huɗu: sayen wani sifirin ɗungum. In uwa ta tsage, ko fallaye biyu ko uku sun karye, ko tsatsa ta cinye su sun yi siriri, wannan ita ce hanya. A Ƙofar Ruwa a Kano ana samun sabo da na hannu. Ku tafi da tsohon a hannunku. Ku gwada faɗi, da yawan fallaye, da tsawo daga santabol zuwa kowane ido, gama a motoci da yawa gaba da baya ba daidai suke ba. Na hannu kuwa ku kife shi a ƙasa kusa da ɗan'uwansa ku ga ko bakansu ɗaya ne. Masu tsohuwar Land Rover su sani sifirin gefen direba da na ɗaya gefen ba ɗaya ba ne, an yi na gefen direba da ɗan ƙarin baka. A tambaya, a sa kowanne a gefensa.

Ko wace hanya kuka bi, a yi wa hagu da dama tare. Sabo a gefe guda, gajiyayye a gefe guda, mota za ta karkace, ta kuma riƙa ja gefe.

Abin da ba za a yi ba ko kaɗan

Kada a yi wa falle walda. Kada kuma a sa shi a wuta domin a lanƙwasa shi. A masana'anta an gasa ƙarfen nan, an tsoma shi a mai, an sake ɗumama shi bisa awo, shi ya sa yake lanƙwasa ya komo. Wutar maƙera ko ta walda tana kashe wannan hali. Wurin da wuta ta taɓa ko dai ya yi laushi ya kwanta nan da nan, ko ya yi gautsi ya karye ba sallama. Shasi ana yi masa walda, sifirin ba a yi masa.

Kada a cusa katako ko guntun taya tsakanin aksil da shasi. Kada a sa dogon shakul domin mota ta ɗaga. Duk wannan rufe gyambo ne da riga. Ɗaurin roba ko waya kuwa na a lallaɓa a kai mota gida ne, ba kaya, ba gudu.

Ranar aiki

Ko makaniki ne zai yi, wakilin ƙungiya ya tsaya a wurin ya ga an bi waɗannan:

1. Tun ana gobe a zuba wa notuna kananzir gauraye da baƙin mai domin su saki.

2. A yi aikin a kan ƙasa mai tauri, ba rairayi ba. A tare tayoyin gaba da duwatsu ko katako, gaba da baya. Kada a dogara ga birkin hannu, gama baya yake riƙewa, bayan kuwa shi za a ɗaga. A tsohuwar Land Rover ma farfela yake riƙewa, ba taya ba, da zarar taya ɗaya ta bar ƙasa mota tana iya gangarawa.

3. A ɗaga mota a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe ko gungumen itace mai ƙwari. Ba bulo ba, ba tubali ba, gama suna fashewa farat ɗaya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Aksil kuma a tallafe shi da jak dabam, a lura kada tiyon birki ya miƙe har ya tsinke.

4. A gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan. Wanda ba a taɓa ba zai riƙe aksil, ya kuma zama abin dubawa in an manta yadda jerin yake.

5. Kafin a kwance santabol a matse fallayen da matsi mai ƙarfi, sa'an nan a sassauta a hankali. Fallayen a ɗame suke, in suka kuɓuce suna iya karya hannu.

6. A jera su a ƙasa bisa tsarinsu, a kankare tsatsa da burushin ƙarfe. A rataye kowanne a ƙwanƙwasa shi: lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. A shafa giris kaɗan, a goge wanda ya fito waje, domin rairayi yana bin maiƙo. Kada mai ya taɓa bushi na roba.

7. A sa sabuwar santabol da sababbin yubol. Tsohon yubol ya riga ya miƙe, ba ya sake ɗauruwa kamar dā. A tabbata kan santabol ya zauna a raminsa. A ɗaure notunan yubol kaɗan kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

8. Ƙusoshin ido da na shakul kada a ɗaure su tamau sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, an girgiza ta ta zauna. In an ɗaure su tana sama, robar bushi za ta murɗe ta yage cikin 'yan makonni.

9. Hilux da yawa suna da wani ɗan famfo a baya mai sanda zuwa aksil, wanda ke raba ƙarfin birki bisa ga nauyin kaya. In tsayin mota ya sauya, makaniki ya daidaita shi. A daidaita fitila kuma.

10. Bayan tafiya biyu ko uku da kaya a sake ɗaure yubol, bayan wata guda kuma a sake. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuwa ya jawo mana abin da ya same mu a hanyar Dawanau.

Tsohon falle kada a yar. Ku kai wa maƙeri, ƙarfe ne mai kyau na gatari da adda da bakin garma.

Shawara ga shugabannin ƙungiya

Gyara ba shi da amfani in hali bai sauya ba. Abin da ke kashe motar taro shi ne kunya. Direba ba ya iya ce wa dattijo buhunka ba zai hau ba. Domin wannan ku ɗauke masa nauyin. Ku zauna a taro ku yanke yawan buhunan da mota za ta ɗauka, a rubuta da fenti a jikinta, ya zama dokar kowa ce, har da shugaba. Kaya masu nauyi a sa su can gaba kusa da gidan direba, a raba hagu da dama daidai, kada a tara su a bakin ƙofar baya. A wanke bayan mota duk ran da ta ɗauki takin zamani. Kowace tafiya ma'aji ya ware wani abu a asusun gyara. A duba sifirin sau biyu a shekara: bayan an gama kwasar kaka, da kuma kafin ruwan fari, tun ba a shiga jigilar takin zamani ba.

Sawu biyu da buhu 8 ya fi sawu ɗaya da buhu 16 cin mai, ban musa ba. Amma wanda ya taɓa kwana a bakin hanya yana gadin geron mutane ya san wanne ya fi araha. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ke da tambaya ya aiko ta hannun sakataren ƙungiyarsa, ko ya tare ni sa'ad da na zo zagaye. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai mu damina lafiya.